Ƙararrawar Gobara a Wuraren Kasuwanci: Aikinta, Girka Ta da Kula da Ita

Gabatarwa

Masu iya magana kan ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. A ranar 26 ga Maris, 2016, gobara ta tashi cikin dare a kasuwar Sabon Gari ta Kano, ta cinye shaguna kimanin 3,800. A ranar 19 ga Janairu, 2021, babbar kasuwar Sakkwato ta kama, sannan ta Katsina ta biyo baya a ranar 22 ga Maris na wannan shekarar. Tun kafin waɗannan, babbar kasuwar Yamai ta ƙone a 1982, ba a kuwa sake buɗe ta ba sai a 1987. Duk wanda ya dubi watannin da kasuwannin Kano da Sakkwato da Katsina suka ƙone zai ga sun faɗo ne tsakanin hunturu da bazara, lokacin da iska ke kaɗawa, komai kuma ya bushe ƙayau.

Idan birane masu ofisoshin 'yan kwana-kwana sun yi irin wannan asara, ina ga garuruwa irin su Gidan Goga ta ƙaramar hukumar Maradun, ko Bakura, waɗanda ke da tazara da Gusau? A kasuwannin wannan yanki, har da ta Talata Mafara mai ci ranar Talata, akan tara buhunan shinkafa da gero da masara, da atamfofi da katifun soso, da jarkokin fetur, a rumfunan da ke manne da juna. A irin wannan wuri, mintunan farko su ne ke raba tsakanin wutar da bokiti biyu na yashi zai kashe da wadda za ta lashe jarin mutum ɗari. Wannan darasi zai bayyana yadda ƙararrawar gobara ke gano wuta, da ƙa'idojin girka ta, da kuma hanyoyin kula da ita.

Dalilin da ya sa hanci bai wadatar ba

Wuta ba ta ci sai abubuwa uku sun haɗu: makamashi, da zafi, da iskar oksijin, wadda ita ce kashi 21 cikin ɗari na iskar da ake shaƙa. A cikin rufaffen shago oksijin kan yi ƙaranci, sai kaya su riƙa cin wuta a hankali ba tare da harshe ba, suna fitar da iskar kabon monoksaid. Wannan iska ba ta da launi, ba ta da wari. Idan ta shiga huhu sai ta tsallaka cikin jini, ta manne wa haimogulobin, wato sinadarin jajayen ƙwayoyin jini mai dakon oksijin, kuma riƙon da take yi masa ya fi na oksijin ƙarfi fiye da sau 200. Sakamakon haka ƙwaƙwalwa da zuciya sai su rasa oksijin, mutum ya ji ciwon kai da jiri, ƙafafunsa su mutu, daga nan ya suma. Katifar soso da wasu kayan roba kuma kan ƙara da wata guba mai suna haidurojin sayanaid, wadda ke hana ƙwayoyin jiki amfani da oksijin ɗin da ya isa gare su. Wannan ne ya sa hayaƙi ke kashe mutane a gobarar cikin gini fiye da harshen wuta.

Wani zai ce ai warin hayaƙi zai tashi maigadi. Binciken da aka yi a Jami'ar Brown ta Amurka a 2004 ya nuna cewa wari, ko da mai ƙarfi ne, ba abin dogaro ba ne wajen tayar da mai barci mai nauyi, alhali ƙara tana tayar da shi. Saboda haka ake buƙatar na'urar da za ta shinshino hayaƙi a madadin hanci, ta mayar da shi ƙarar da kunne zai ji.

Taƙaitaccen tarihi

A 1890 Francis Upton, abokin aikin Thomas Edison, ya yi rajistar ƙararrawar gobara mai aiki da lantarki a Amurka. A 1902 George Darby ya yi rajistar na'urar gano zafi a Birmingham ta Ingila. A shekarun 1930 wani masani ɗan ƙasar Suwizalan, Walter Jaeger, yana ƙoƙarin ƙera na'urar gano iska mai guba, sai ya lura cewa hayaƙin tabarsa ne ya motsa allurar ma'auninsa. Daga wannan ne aka sami na'urar gano hayaƙi. Duane Pearsall kuma ya fito da ƙarama mai aiki da batir, wadda daga baya ta shiga gidajen jama'a.

Sassan tsarin

Cikakken tsarin ƙararrawar gobara yana da sassa biyar, kuma ana iya kwatanta shi da jijiyoyin jikin ɗan Adam. Na'urorin gano hayaƙi da zafi su ne gaɓoɓin ji. Wayoyi su ne jijiyoyin da ke kai saƙo. Akwatin sarrafawa shi ne ƙwaƙwalwa, mai karɓar saƙo ya nuna inda ya fito. Jiniya da fitila mai walƙiya su ne baki. Na biyar shi ne jan maɓalli da ke jikin bango, wanda duk wanda ya ga wuta zai danna da hannu.

Na'urorin ganowa iri uku ne suka fi yaɗuwa. Ta farko tana aiki da haske. A cikinta akwai ɗan ɗaki mai duhu, da ƙaramar fitila, da wani ido na lantarki da aka ajiye a gefe ta yadda hasken ba ya faɗa masa. Da zarar hayaƙi ya shiga, ƙwayoyinsa sai su watsa hasken, wani sashe ya faɗa kan idon, jiniya ta tashi. Wannan ta fi saurin gano wutar da ke ci a ɓoye cikin yadi ko soso ko wayar lantarki.

Ta biyu tana ɗauke da ɗan mitsitsin sinadarin amerikiyam-241, wanda ƙarfinsa ke raguwa da rabi a cikin shekara 432. Ƙwayoyin alfa da yake fitarwa suna sa iskar da ke tsakanin wasu faranti biyu ta riƙa ɗaukar lantarki kaɗan. Idan hayaƙi ya shiga, lantarkin sai ya ragu, na'urar ta yi kuka. Ta fi saurin gano wuta mai harshe. Ƙwayoyin alfa ba sa iya ratsa ko da fallen takarda, don haka ba ta da illa muddin ba a fasa ta ba. Kada a bar yara ko 'yan gwangwan su ɓalle ta.

Ta uku zafi take ji. Wata kan tashi idan zafin rufi ya kai digiri 57 ko 58 a ma'aunin Salshiyas, wata kuma idan zafin ya riƙa hawa da sauri fiye da kima. Ba ta kai masu gano hayaƙi sauri ba, amma ita ta dace da ɗakin girki, da gidan burodi, da ɗakin janareta, da wurin injin casar shinkafa, inda hayaƙi ko ƙura ba sa yankewa. A ƙarƙashin rufin kwano mara silin, wanda kan yi zafi ƙwarai a watan Afrilu, sai a zaɓi mai ma'auni mafi girma don kada rana ta tayar da ita.

Ƙa'idojin girkawa

Hayaƙi mai zafi ya fi iskar da ke kewaye da shi rashin nauyi, shi ya sa yake tashi sama ya bazu a ƙarƙashin rufi. Saboda haka a rufi ake kafa na'urar. Ƙa'idar Birtaniya mai lamba BS 5839, wadda injiniyoyi da dama ke bi, ta tanadi waɗannan:

1. Kada wani wuri a ɗaki ya yi nisan fiye da mita 7.5 daga na'urar gano hayaƙi, ko mita 5.3 daga mai gano zafi.
2. A bar aƙalla rabin mita tsakanin na'ura da bango, domin iska ba ta yawo sosai a kusurwa.
3. A kafa jan maɓalli kusa da ƙofofin fita, a tsayin mita 1.4 daga ƙasa, kuma kada mutum ya yi tafiyar fiye da mita 45 kafin ya kai ga ɗaya.
4. Ƙarar jiniya ta kai desibel 65 a faɗin ginin, ta kai 75 a kan gadon mai barci, kamar a masauki ko ɗakin kwanan ɗalibai.
5. A raba gini shiyya-shiyya, kowace kada ta wuce murabba'in mita 2,000, don a san inda wutar take ba tare da dogon nema ba.
6. Batirin ajiya ya iya riƙe tsarin na awa 24 bayan ɗaukewar wuta, sannan ya kaɗa jiniya na minti 30.

Ƙa'ida ta shida tana da muhimmanci ainun a ƙasar da wutar lantarki kan daɗe ba ta dawo ba. A gari irin Gidan Goga, abin da ya fi dacewa shi ne a haɗa akwatin da farantin hasken rana. Mai shago ɗaya wanda ba shi da halin cikakken tsari yana iya sayen ƙaramar na'ura mai batir mai bolt 9, ya ɗaure ta a rufi da kusa biyu. Haka kuma akwatin sarrafawa ya kasance inda maigadi ke zama, domin jiniyar da ta yi kuka a rufaffiyar kasuwa ba mai ji ba ta tsinana komai ba.

Kulawa: ƙura, ƙwari da ɓeraye

Babban abokin gabar wannan na'ura a ƙasar Hausa shi ne hazo. Ƙurar hunturu kan shiga ɗakin haske ta watsa shi kamar yadda hayaƙi ke yi, sai na'ura ta yi kukan ƙarya. Gizo-gizo kan yi saƙa a ciki, zanzaro kan toshe ƙofofin iska da laka, ɓeraye kuma kan ci rigar waya saboda haƙoransu na gaba ba sa daina tsawo, dole su riƙa gwaguya. Shi ya sa ake bi da wayoyi ta cikin bututun ƙarfe.

Kukan ƙarya haɗari ne babba, domin idan ya yawaita mutane kan daina kulawa, wani ma ya cire batir don ya huta. Ranar da wutar gaske ta zo sai a tarar ba mai gargaɗi. Maganin wannan shi ne tsari:

Kullum a dubi akwatin, a tabbata ba fitilar matsala da ke ci. Kowane mako a danna jan maɓalli ɗaya, a rana da lokacin da kowa ya sani, a riƙa sauya maɓallin mako-mako. Kafin hunturu da bayansa a share ƙurar na'urori da burushi mai laushi, kuma kada a taɓa shafa musu fenti. Duk wata shida ƙwararre ya bincika tsarin baki ɗaya. Batirin akwati kan buƙaci canji bayan kimanin shekara huɗu, ƙananan na'urori kuwa bayan shekara goma. Idan ƙaramar na'ura ta fara ɗan tsuwa jefi-jefi, batirinta ne ya yi sanyi. A ajiye littafi a rubuta kowane gwaji da kowace matsala, da kwanan wata.

Gwaji don aji

Malami ya rufe tagogin aji, ya haska tocila daga wannan bango zuwa wancan. Ɗaliban da ke gefe ba za su ga hanyar hasken sosai ba. Sai a kunna turaren tsinke a ƙarƙashinta. Nan take hasken zai bayyana kamar sanda, domin ƙwayoyin hayaƙi sun karkato da shi zuwa idanunsu. Abin da idon lantarki ke gani ke nan. A maimaita da ƙurar alli, sannan a tambayi ɗalibai dalilin da ya sa na'urar ke kukan ƙarya da hunturu, da irin na'urar da za su zaɓa wa mai injin casa.

Kammalawa

Ƙararrawa ba ta kashe wuta, lokaci kawai take ba mutane. Amfanin wannan lokaci ya dogara ga abin da aka tanada tun farko: ƙofofin fita da ba a toshe da kaya ba, tukunyar kashe gobara da bokitan yashi, lambar gaggawa ta 112 da ta ofishin 'yan kwana-kwana mafi kusa, da 'yan kasuwa waɗanda suka san ba a watsa ruwa ga wutar fetur ko ta lantarki. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ya kamata shugabannin kasuwannin Talata Mafara da Bakura da Maradun, da shugabannin makarantun kwana, su sa wannan tanadi cikin lissafinsu kafin hunturu ya kama.