An Sa Mini Ƙarfe A Ƙafa: Yaushe Zan Koma Fadama?

Tambaya: Ni manomin shinkafa ne a yankin Auyo. Bayan ruwan ambaliya ya janye na hau gyaran rufin ɗakina, tsani ya zame na faɗo, ƙashin ƙwaurina na dama ya karye. An yi mini aiki an sa ƙarfe, yau mako huɗu ke nan. Wasu 'yan'uwa sun ce a kira maɗori ya ƙara ɗaurewa, wasu kuma sun ce kada in motsa ƙafar ko kaɗan. Ga noman rani ya ƙarato. Ina mafita?

Amsa: Sannu, Allah ya sa kaffara ne. Irin tambayarka tana yawan zuwa daga ƙasar Haɗejia, domin duk shekarar da kogi ya yi ambaliya, kamar yadda aka gani a 2020 da 2022 a Auyo da Kafin Hausa da Guri da Kiri Kasamma, gyaran gini da rufi ne ke biyo baya, ga santsin laka, ga babura a kan hanyoyin da ruwa ya cinye.

Abu na farko da nake so ka riƙe shi ne aikin ƙarfen nan. Ƙarfe dogari ne, yana tsare gutsattsarin ƙashi wuri guda. Haɗewar kuwa jikinka ne ke yin ta: jini ya taru a bakin karayar, ya zama wani abu mai taushi kamar guringuntsi, sannan a hankali ya ƙafe ya zama ƙashi. A jikin babban mutum, ƙwauri yakan ɗauki wata uku zuwa shida kafin ya haɗe sosai, wani lokaci fiye da haka idan ƙashin ya huda fata ya fito. A mako huɗu, ɗanyen gini ne a ƙafarka. Ciwo ya ragu, amma ginin bai bushe ba.

Maganar maɗori

Maɗora sun daɗe suna hidimta wa al'ummarmu, ba mai musun haka. Sai dai ƙafar da aka yi wa tiyata ta fita daga hurumin ɗori. Ja da murɗa da matsa za su iya kwance kusoshin ƙarfen ko su gusar da ƙashin. Ɗauri mai tsauri da karare yana toshe hanyar jini, kuma wannan na cikin dalilan da ke kai mutane ga yanke ƙafa a asibitocinmu. Kada kuma a shafa man shanu, ko garin magani, ko toka a bakin ɗinki. Idan ƙwayar cuta ta kai ga ƙarfe takan maƙale masa, maganin sha shi kaɗai ba ya fitar da ita cikin sauƙi, har ta kai a sake buɗe wurin.

Maganar kwanciya

Masu cewa kada ka motsa su ma sun kuskure. Doguwar kwanciya tana zubar da naman cinya cikin makonni kaɗan, gwiwa da idon sawu su sandare, jini kuma yana iya daskarewa a jijiyar ƙafa. Ko kana kan gado akwai abin yi. Ka riƙa ɗaga tafin ƙafa sama kana mayar da shi ƙasa kamar mai taka keken ɗinki, sau ashirin, lokaci zuwa lokaci cikin yini. Ka miƙe ƙafa ka ƙanƙame naman cinya, ka ƙirga biyar, ka saki. Idan likita ya ba da izini, ka zauna a bakin gado kana lanƙwasa gwiwa a hankali. In ka kwanta, a ɗora ƙafar a kan matashi ta ɗara ƙirjinka tsawo, kumburi zai sauka.

Taka ƙasa kuwa likitan da ya yi aikin ne kaɗai zai faɗa maka lokacinsa, domin ya danganta da irin ƙarfen da irin karayar. Wanda aka zura wa ƙarfe a cikin bargon ƙashi sau da yawa yakan fara takawa da wuri fiye da wanda aka ɗaura wa faranti da kusoshi. Saboda haka kada ka gwada kanka da maƙwabcinka. Ka tambaya dalla-dalla: in taɓa ƙasa kawai, ko in ɗora rabin nauyina, ko duka? Ka kuma nemi takardar zuwa sashen gashin ƙashi, su ne za su daidaita maka tsawon sanduna su koya maka tafiya da su. Nauyi a tafin hannu ake ɗora shi, hammata ba ta ɗaukar kaya.

Gyaran gida

Faɗuwa ta biyu ta fi ta farko muni, kuma yawanci a banɗaki take faruwa. Tsugunno bai kamace ka ba yanzu. A sa kafinta ya huda kujera mai ƙwari a ɗora a kan masai. A kwashe tabarmi da igiyoyi daga hanyarka, a ajiye maka tocila kusa saboda dare, ka bar kwanan ƙasa ka koma gado. Salla kuma shari'a ta sauƙaƙa: ka yi a zaune, kuma malamanmu sun yi bayanin shafa a kan ɗauri ga wanda ruwa zai cutar.

Abinci da magani

A nan mutumin Haɗejia ya yi sa'a. Kifin da ake lodi daga kasuwarku zuwa sauran garuruwa shi ne abin da ƙashinka ke nema, musamman ƙanana da ake ci har da ƙaya. Haɗa da wake, ƙwai, nono, gyaɗa da zogale, ka kuma riƙa shan hantsi. Idan kana shan taba ka daina, domin tana rage jinin da ke kaiwa ga ƙashi, tana jinkirta haɗewa. Mai ciwon suga ya tsare awonsa. Maganin ciwo kuma sai wanda aka rubuta maka. Ka guji sayen tramadol a kemis, yana ɓoye zafin da ke yi maka gargaɗi, ga shi da kama jiki.

Alamomin da ba a kwana da su

Ka tafi asibiti nan take idan ka ga ɗaya daga cikin waɗannan: zazzaɓi tare da ja ko zafi a bakin ɗinki, mugunya ko wari, kumburin sha-raɓa mai ciwo, yatsu sun yi sanyi, sun canja launi ko sun mutu, ciwo ya dawo da ƙarfi bayan ya lafa, ko ƙafar ta karkace. Numfashi sama-sama ko ciwon ƙirji kwatsam na iya nufin gudan jini ya kai huhu, wannan ko minti ba a jira. Babban Asibitin Haɗejia yana kusa da kai, idan abin ya fi ƙarfinsu za su tura ka gaba, kamar Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda ke wannan aiki tun 1959. Na san kuɗin mota da na hoto suna da nauyi, amma kada ka tsallake ranar komawa. Hoton ƙashi ne ke nuna ko ya haɗe, rashin jin ciwo ba shaida ba ne.

To, yaushe fadama?

Gaskiya ɗaya ce Malam: noman ranin bana ba da ƙafarka za a yi shi ba. Laka tana riƙe ƙafa ta murɗa ta, ruwan fadama yana da ƙwayoyin cuta, ɗaukar injin ban-ruwa ko buhun taki kuma ya fi ƙarfin sabon ƙashi. Tun yanzu ka shirya da ɗanka ko ƙaninka, ko ka ba da gonar a noma ku raba. Idan ka fara takawa, a kai ka bakin gona ka zauna a inuwa ka sa ido. Aiki mai nauyi yakan jira wata shida ko fiye, bayan hoto ya nuna haɗewa kuma kana tafiya ba sanda ba ɗingishi. Ƙarfen kuwa ba dole ne a cire shi ba, mutane da yawa suna rayuwa da nasu lafiya lau.

Sannu ba ta hana zuwa. Ka bar wa 'yan'uwa rani ɗaya, ka tsare ƙafar da za ta kai ka gona sauran shekarunka. Allah ya ba ka lafiya.