Abin da ɗan tseren keke zai tarar a hanyar Tasawa da Mayahi

Wanda ya tashi daga Maraɗi bisa keke ya nufi gabas, babbar hanyar Damagaram zai bi. Zai wuce Cadawa, da Agye, da Gazawa. Kafin ya shiga Tasawa ya taka wajen kilomita 120. Ƴan tsere suna wucewa kamar iska, ba su ganin kome sai kwalta. Amma garuruwan nan suna da abin gani da abin ci.

Tasawa tsohon gari ne na ƙasar Katsina. A shekarar 1851 wani Bature ɗan Jamus mai suna Barth ya sauka a can, ya rubuta labarin kasuwarta. Zamanin Nasara, a Tasawa kwamandan yake zaune. Sai a 1927 aka mai da mazauninsa Maraɗi.

Gabas da Tasawa, a bakin hanya, akwai Maijirgi. A nan kaburburan Voulet da Chanoine suke, sojojin Faransa biyu da suka ƙone garuruwa, suka kashe mutane masu yawa tun daga bakin kogin Kwara. Faransa ta aiko Kanar Klobb ya tsai da su. Voulet ya sa aka harbe shi a Ɗankori ran 14 ga Yuli 1899. Kwana kaɗan bayan haka, sojojinsu baƙar fata suka juya musu baya, suka kashe su duka biyu.

Baƙo ba ya barin Tasawa bai ɗanɗana kilishi ba. Mahauci yana zaɓen tsoka maras kitse, ya feɗe ta sirara kamar takarda, ya shanya a rana. In ta bushe, sai ya tsoma ta cikin labu, wato tunkuza da aka dama da yaji, citta, kanumfari, albasa da gishiri. Ya sake shanyawa, sa'an nan ya gasa a wuta marar ƙarfi. Rana ita ce take janye ruwan naman, shi ya sa kilishi yake daɗewa bai lalace ba. Wanda bai bushe sosai ba yana yin fumfuna cikin jaka. Wanda aka shanya kusa da hanya kuma, ƙura da ƙuda suna sauka a kai. Mahaucin kirki yana ɗora shanyarsa bisa gado mai tsawo, nesa da ƙasa.

Mai zuwa Mayahi, a Cadawa zai bar babbar hanya ya yi arewa. Garin yana bakin Gulbin Kaba. Sunan gulbin ya fito daga kaba, ganyen ƙaramar goriba. Da ita ake saƙa tabarma, da igiya, da faifai, da malfa. Ƴaƴan goriba kuwa yara suna gaigaya, mata suna daka ɓawon su sa a kunu.

Sai dai kabar da ake yanka kowace shekara ba ta samun damar miƙewa ta zama itace. In tsofaffin goriba suka faɗi, babu masu maye gurbinsu. Saboda haka manoma da yawa a gulbin suna barin ƙafa ɗaya ko biyu cikin kowane tushe ba su taɓa ba, har su girma.

Tambayoyi

1. Daga 1899 zuwa bana shekara nawa ke nan?
2. Me ya sa kilishi yake daɗewa bai lalace ba?
3. Ɗan tsere yana taka kilomita 30 cikin awa ɗaya. Awa nawa zai yi daga Maraɗi zuwa Tasawa?