Kina Son Digiri Na Biyu Kan Cututtuka Masu Yaɗuwa? Fara Daga Ɗakin Gwaji

Kin gama digirin farko a fannin ƙwayoyin cuta, ko kimiyyar ɗakin gwaji, ko likitancin dabbobi. Kin gama bautar ƙasa. Yanzu kowa na ce miki ki je ki yi MPH, wato digiri na biyu kan lafiyar al'umma. To ƙanwata, digirin lafiyar al'umma iri-iri ne. Akwai wanda za ki yi a aji kaɗai, kina karanta tsare-tsare da lissafi, har ki fita ba ki taɓa samfurin jini ba. Idan burinki ki san yadda ƙwayar cuta ke aiki, kuma ki iya gano ta da hannunki, ga abin yi.

1. Zaɓi cuta ɗaya. Kada ki ce "ina sha'awar cututtuka masu yaɗuwa", kowa haka yake rubutawa. Muna da sanƙarau, wanda nau'insa na C ya addabi Zamfara da Sakkwato a 2017. Muna da mashaƙo da ya yi tsanani a Kano a 2023. Ga zazzaɓin Lassa, da aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a 1969. Ga tarin fuka mai bijire wa magani. Ɗauki ɗaya, ki rubuta tambayar da kike son amsawa a kanta cikin layi biyu.

2. Shiga ɗakin gwaji tun kafin ki cike fom. Gobe da safe ki je asibitin koyarwa ko cibiyar tarin fuka mafi kusa, ki nemi shugaban ɗakin gwaji, ki roƙi a bar ki ki yi aikin sa-kai na 'yan watanni. A nan za ki ga abin da littafi ba ya tsayawa a kai. Misali, ruwan ƙashin baya da aka ɗiba don neman ƙwayar sanƙarau ba a sa shi a firji idan ana son rainon ƙwayar, domin sanyi na kashe ta. Sabon shiga kuwa da zuciya ɗaya zai kai shi firji, ya ɓata wahalar da aka sha wajen ɗiba daga bayan yaro mara lafiya. Ki koyi rubuta suna da lamba a jikin kwalba tun kafin a zuba komai, ki koyi aiki da na'urar GeneXpert, in da hali ki ga yadda ake PCR. Ki riƙe littafi kina rubuta abin da kika yi kullum. Ranar ganawa da masu tantancewa, littafin nan zai fi kowace takardar yabo yi miki amfani.

3. Je ki yi rigakafin ciwon hanta nau'in B. Allura uku ce: ta farko, ta biyu bayan wata ɗaya, ta uku a wata na shida. Mai aiki da jini ba ya wasa da wannan.

4. San wuraren da ake karatun. Akwai shirin horar da masu binciken annoba na NFELTP da aka fara a 2008, na shekara biyu, tare da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Ibadan. Yana da ɓangaren ma'aikatan ɗakin gwaji, kuma yawancin lokacin a fagen aiki ake yin sa. Ɗalibansa sun shiga yaƙi da Ebola a Legas a 2014. Yakan fi karkata ga ma'aikatan gwamnati, don haka ki karanta sharuɗɗan da kyau. A Zariya kuma akwai cibiyar ACENTDFB mai nazarin cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi. Idan ƙwayoyin halittar cuta ne a ranki, duba ACEGID a Jami'ar Redeemer's da ke Ede, ƙarƙashin Farfesa Christian Happi, ko WACCBIP a Jami'ar Ghana da ke Legon. 'Yan uwa na Nijar, cibiyar CERMES a Yamai ta daɗe tana aiki kan sanƙarau.

5. Yi tambaya kafin ki biya ko kwabo. Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma shi ya fi jawo kuka. Wa ke sayen sinadaran gwaji, ɗalibi ko sashe? Idan aka ɗauke wuta, me ke riƙe firizar ajiyar samfura? Ɗalibai nawa malamin ya yaye a 'yan shekarun nan? Kada ki tsaya ga amsar ofis. Nemi ɗalibin da ke shekarar ƙarshe, ki saya masa lemo, ki tambaye shi. A ganina malami nagari mai kuɗin bincike a ƙaramar jami'a ya fi babban suna da babu sinadarai.

6. Rubuta wa malamin da kike so. Imel gajere: ko ke wace ce, wane aikinsa kika karanta, me kika iya da hannunki, me kike son bincika. Kada ki tura wasiƙa iri ɗaya ga mutum goma, suna ganewa. In shiru ya yi yawa, ki tuna masa sau ɗaya bayan mako biyu.

7. Koyi sarrafa bayanai. Manhajar R kyauta ce, darussanta kuma cike suke a intanet. Rabin awa kullum ya isa a fara.

8. Haɗa takardu da wuri. Cikakken sakamakon jarrabawarki daga jami'a yakan ɗauki watanni kafin ya fito, don haka ki nema yanzu. In kina hangen Ingila, tallafin Chevening na buƙatar shekara biyu ta aiki, kuma ana lissafa aikin sa-kai. Ki sanar da malaman da za su rubuta miki wasiƙar shaida tun da sauran lokaci, ki tura musu takardar tarihin karatunki da aikinki don kada su rubuta kame-kame.

Cikin takwas ɗin nan, na biyu da na uku ba sa jiran fom ko tallafi. Ki fara da su a makon nan.