In Wuta Ta Ɗauke Kana Cikin Jirgin Legas

Mutumin da ya saba da jirgin Abuja zuwa Kaduna, in ya sauka Legas, yakan ɗauka duk jirgin ƙasa ɗaya ne. Na Abuja zuwa Kaduna da man dizal yake tafiya. Blue Line na Legas kuwa, wanda ya fara ɗaukar fasinja a watan Satumban 2023 daga Marina zuwa Mile 2, tafiyar kilomita 13, lantarki yake sha. Ba kuma ta wayar sama wutar take zuwa masa ba. Akwai ƙarfe na uku da aka shimfiɗa a gefen dogo, shi ne ke ɗauke da ita, kuma ƙarfinta ya isa ya kashe mutum nan take.

Saboda haka in jirgi ya tsaya cak tsakanin tasha da tasha, fitilu suka dushe, na'urar sanyi ta yi shiru, zauna inda kake. Zafi zai taso, wani zai fara dukan ƙofa, wani ya ce a ɓalle ta a sauka. Kada ka bi su. Ɗaukewar wuta a cikin tarago ba ta nuna cewa ƙarfen nan ya mutu, kuma ko ya mutu, mai dawo da wuta ba zai yi maka sallama ba. Ga shi daga Marina jirgin kan doguwar gada yake hawa, ruwa na ƙarƙashi. In ka fita, ina za ka? Jira ma'aikata. In sun ce a sauka, taka inda suka taka, ka tattare babbar riga da gyale, ka riƙe hannun yaro. Sha ruwa tun kafin ka shiga, wayarka kuma ta kasance da caji saboda tocila. Mai hawan jini ko tsohuwa, a matsa musu su zauna.

Akwai kuma wani hatsarin da iyayenmu ba su sani ba, domin jirgin zamaninsu ba ya zuwa a ɓoye. Tun da dogo ya isa Kano a 1911, jirgin kwal ne ke jan gyaɗa da fata zuwa Legas, hayaƙinsa da kukansa suna riga shi isowa gari. Kwal ɗin Inugu yake ci, kuma dole ya riƙa tsayawa shan ruwa. Daga shekarun 1950 dizal ya fara ture shi, ya fi sauƙin kula, ba ya neman mai zuba gawayi. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya datse hanyar kwal, aka ƙarasa jirgin kwal a hankali. Na lantarki shiru yake zuwa, sai ka gan shi a kanka, don haka tsallaka dogo da ƙafa, yadda ake yi a Kano da Zariya, ba abin gwadawa ba ne a nan.

In ka samu rarar wuni, je ka unguwar reluwe a Ebute Metta, cikin Legas, ka ga tarihin jirgin kwal. Akwai Jaekel House, tsohon gidan Turawan jirgi da aka mai da gidan tarihi, da hotuna da kayan aikin wancan zamani. Tambayi masu gadi su nuna maka inda tsofaffin kawunan jirgin kwal suke ajiye. Sa takalmi rufaffe, wurin akwai ciyawa da tsatsa.