Amsoshin Tambayoyinku: Tausayi Ne Ya Sa Turawa Suka Rage wa Mata da Yara Awannin Aiki?

Wata mai karatunmu daga Fegge ta Anacha ta ji an ce a zamanin mulkin mallaka an yi dokar rage wa mata da yara awannin aiki a masana'antu. Tana tambaya: tausayi ne ya kama Turawa?

Madalla da wannan tambaya, 'yata. Akwai tausayi a ciki, amma ba shi kaɗai ba ne.

A Ingila abin ya faro. Ma'aikatan masaƙu da masu kishin talaka sun daɗe suna kuka kafin majalisa ta yi dokar 1847, wadda ta tsayar da aikin mata da matasa 'yan shekara 13 zuwa 18 a kan awa goma a yini.

Labarin Indiya ne ya fi nuna inda gizo ke saƙa. Masaƙun Bombai sun fara karya kasuwar yadin Ingila, don leburori na da araha, kuma ana aiki tun fitowar rana har faɗuwarta. Sai masu masaƙun Lankasha, wato cibiyar saƙa ta Ingila, suka matsa wa gwamnati lamba a sa wa Indiya doka. A 1891 aka ƙayyade wa mata awa 11, yara 'yan ƙasa da shekara 14 kuma awa bakwai. Matan sun samu sauƙi na gaske, ko da yake ribar wasu ce ta tura keken.

A nan gida Najeriya dokar ta makara, kuma masana'antun kansu kaɗan ne. Manyan wuraren aiki a Gabas su ne ramukan kwal na Enugu, da layin dogo, da tashar jirgin ruwa ta Fatakwal, kusan duk maza ne. Dokar ƙwadago ta 1945 ta hana sa mata aikin dare a masana'anta da shiga ramin haƙar ma'adinai. Magajiyarta ta 1974 ta ce kada yaron da bai kai 16 ba ya wuce awa takwas a yini, ko awa huɗu a jere.

Abin da ke damuna shi ne waɗanda dokar ba ta gani ba. Iyayenmu mata a zangon Hausawa ba a masana'anta suke ba. Tun asuba suna bakin murhu suna suyar ƙosai, 'yan mata na yawon talla, samari na dako a babbar kasuwar Anacha. Jami'in ƙwadago masana'anta yake leƙawa, bai shiga zaure ya tambayi awa nawa mai ƙosai ta yi a tsugune ba.