Harafin B a Takardar Asibiti: Rukunin Jini ne ko Ciwon Hanta?

Ya ku 'yan kasuwar Adjamé da iyalai mazauna 220 Logements, kun san harafin F a jikin kaya sefa yake nufi, a katin asibiti kuwa mace. Wannan ba ya rikita kowa. Wanda ke tayar da hankalin gida shi ne B.

Idan kun ba da jini a CNTS, cibiyar ƙarin jini ta ƙasa da ke Treichville, aka rubuta muku B+, rukunin jininku ke nan, kamar A, AB ko O. Halitta ce, ba cuta ba, kuma alamar + ba ta nufin an kamu da komai.

Ciwon hanta nau'in B daban yake. A takardar Faransanci za ku ga AgHBs, a ta Ingilishi da aka kawo daga Gana ko Najeriya kuwa HBsAg. Idan sakamakon ya ce "positif", ƙwayar cutar tana cikin jini, ko da mutum yana jin garau. Tana yaɗuwa ta jini, ta saduwa, ko daga uwa zuwa jariri lokacin haihuwa. Cin abinci a kwano ɗaya ba ya kawo ta. Sai a ga likita, a gwada sauran mutanen gida, a yi wa waɗanda ba su kamu ba allurar rigakafi. Bitamin B kuwa ba maganinta ba ne, harafi kawai suka haɗa.

Kafin ku bar wurin gwaji, ku nemi ma'aikacin ya karanta muku kalmar da ke tare da harafin, ya kuma yi muku bayaninta.