Indiya da Sin: Wa Ya Fara Tsokanar Wani?

Tambaya: Malam, abokina da ya yi karatu a Indiya ya dage cewa Sin ce ta ci amanar Indiya a yaƙin 1962, amma na ji Sinawa na cewa Indiya ce ta tsokano faɗan. Wa ke da gaskiya? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Ɗan'uwa, tushen rigimar wani layi ne da Turawan Ingila suka ja a taswira. A taron Simla na 1914, wakilin Ingila Henry McMahon ya shata iyaka da wakilan Tibet, gwamnatin Sin kuwa ta ƙi sa hannu. Indiya ta gaji layin a 1947, a ganinta magana ta ƙare. Sin ta ce Tibet ba ta da hurumin ƙulla yarjejeniya da kowa, saboda haka layin aikin 'yan mulkin mallaka ne.

Sai Sin ta gina hanya ta ratsa Aksai Chin, yankin da Indiya ke cewa nata ne. A 1959 kuma Dalai Lama, shugaban addinin Tibet, ya gudu Indiya aka ba shi mafaka, abin da ya ƙona wa Sin rai. Firaministan Indiya Nehru ya riƙa kafa sansanonin soja a wuraren da ake taƙaddama. Ranar 20 ga Oktoban 1962 Sin ta kawo hari, ta yi galaba, bayan wata guda ta tsagaita wuta da kanta.

A nan labarin ya rabu biyu. Ba'indiye na tuna yadda aka yi ta kiran juna 'yan'uwa bayan yarjejeniyar zaman lafiya ta 1954, sai ga harsashi. Ciwon bai warke ba har yau. Sinawa kuwa sun sa wa yaƙin suna martanin kare kai, kuma ba kasafai suke tuna shi ba. Wanda aka kayar ai shi ke riƙe abu a zuciya.

Rigimar ba ta ƙare a nan ba: a Yunin 2020 sojojin ƙasashen biyu sun gwabza a kwarin Galwan da sanduna da duwatsu, domin yarjejeniyar 1996 ta hana harbi kusa da iyakar. Indiya ta rasa soja 20, Sin ta amsa mutuwar 4, abin takaici.

A ganina, abokinka ya faɗi rabin gaskiya: Sin ce ta kai babban harin, amma sansanonin Nehru sun rura wutar. Har yau ba a shata iyakar ba.